Bangon da ya rage a gonar Kufai

Gonar gandunmu tana bayan Maska, a wurin da kowa ke kira Kufai. Ranar da na fara kai wa maza abinci gona, ina sabuwar zuwa gidan, na ga wani jan bango tsaye shi kaɗai a tsakiyar dawa, da ɗan lungu a jikinsa irin wanda liman ke tsayawa. Da na dawo na tambayi uwar mijina, Allah ya jiƙanta. Ta ce masallaci ne, kuma ba masallaci kaɗai ba. Malamai ne suka zauna a wurin, kowa da ɗakinsa kewaye da masallacin, suna karantarwa, suna ci daga gonakin da aka yanka musu. Wasu na cewa yaƙi ya tashe su, wasu na cewa rijiyarsu ce ta ƙafe. Ita dai tana yarinya ta tarar da sauran bangayen a tsaye, sun kai kafaɗar mutum.

Inda bangayen suka tafi ba ɓoyayye ba ne. A wajenmu kowa ya san ƙasar tsohon bango taki ce. Duk bazara maza kan sari kaɗan, su loda wa jakuna a mangala, su watsa inda gona ta gaji. Dawa ta yi kyau, a sussuka, a tuƙa. Mun ci masallacin nan a tuwo, mu da 'ya'yanmu, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifi ne.

Wata shekara da rani masu binciken tarihi suka zo daga jami'a, da izinin mai gari. Ni aka sa in riƙa dafa musu abinci. A cikinsu akwai wata mace mai yawan dariya, muna ce mata Malama. Da ta ji ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ta ce to in sauko cikin ramin in yi karatun ƙasa. Ta nuna mini tushen ƙananan ɗakuna a jere, da tsingaro, da gawayi, da wata 'yar tukunya mai baƙin abu busasshe a ciki, wanda take zaton tawada ce. Na tambaye ta shekarun wurin. Ta ce sai an auna, ba za ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba, amma ya girmi kakannin kakanninmu.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A jikin ramin akwai daɓe, wani a kan wani, kamar an jibge tabarmi. Na shafa na can ƙasa, na ji sawun madaɓi. Daɓe aikin mata ne. Ashe duk lokacin da ƙasan masallacin ya farfashe, mata ne ke taruwa su durƙusa su sake buga shi. A duk labaran da na ji, malamai kawai ake ambata. Na daɗe a tsugune hannuna a wurin.

Kafin su tafi suka mayar da ƙasa suka rufe ramin. Malama ta ce kada a kuskura a shafa wa bangon siminti don a girmama shi, ruwa zai maƙale a ciki ya ruɓar da shi. A dai hana ruwa zama a kansa da gindinsa.

Bayan haka aka yi shekarar da takin zamani ya gagari talaka. Yayan mijina, wanda shi ne babba a gandu, ya ce kafin ruwan shuka za a rushe bangon a watsa a gefen gabas, inda muguwar ciyawar nan ƙuduji ta cinye dawa bara. Har ya ari amalanke. Ba mugunta ba ce, gida ne cike da baki masu ci. Na yi wa maigida magana, ya ce Yaya ya riga ya yanke, shi ba zai ja da shi a kan ƙasa ba.

Tun da na zo gidan ban taɓa tarar Yaya da magana ba, iyakata gaisuwa daga nesa. Ran nan bayan la'asar na yafa mayafi na je na durƙusa a bakin zaure. Ina da tulin taki a bayan ɗakina, kashin awakina da toka da shara, wanda na shekara ina tarawa don gayaunata, 'yar gonar da nake noma gyaɗa ta ƙashin kaina. Na ce a kwashe shi duka a kai gabas, a bar bangon.

Ya ce, "Matar ƙanina, ko alwala ba a yi a wurin nan. Ke me za ki zuba wa gyaɗarki?"

Na ce, "Allah zai kawo, Yaya. Taki in an kwashe bana, baɗi awaki za su sake yi. Wancan in an kwashe, shi ke nan."

Ya ce ya ji, amma da sharaɗi. Ba zai sa gatari a jikin bangon ba, sai dai duk abin da ruwa ya kayar da kansa na gona ne. Na san abin da yake nufi. Bangon ya tsage daga sama, kuma damina na tafe.

Makuba nake bukata, ruwan ɓawon ɗorawa da muke shafa wa daɓe da bango ya hana ruwa shiga. Mai ɗorawa da yawa a kusa da mu wata tsohuwa ce a gidajen Maguzawa, tsallaken rafi, muna ce mata Iya. Da na faɗa mata, ta yi dariya har da tari. Ta ce, "'Yar nan, ku masu sallah kun cinye masallacinku, ni da ban taɓa sa goshi a ƙasa ba ni zan gyara muku?" Amma ta ba ni ɓawo buhu guda, kuma washegari sai ga ta da sandarta. Ta ce ta ji a bakin kakarta cewa kakanninsu ma kan kai wa malaman Kufai damin dawa da kaka, in yaro ba lafiya a ba su rubutu. Tana da rabo a bangon, in ji ta, kada in yi mata rowa.

Muka jiƙa makuba, muka kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, muka cike tsagar. Ita tana zaune tana kushe kwaɓina, ni ina kan turmi a kife ina yaɓe. Maigida kuwa shi ya yanko shuci ya yi wa bangon 'yar jinka a ka, ya kuma ja kwata a gindinsa don ruwa ya wuce. Matan unguwa masu wucewa suna tambaya ko aure zan yi wa bangon. Hannuwana suka yi baƙi har bayan sallah.

Ruwa ya yi ƙarfi a tsakiyar damina. Kusurwar arewa ta zube, Yaya ya sa aka kwashe kamar yadda muka yi. Sauran ya tsaya, da lungun liman. Gabas ta yi dawa. Gyaɗata kuwa ba a magana, abin da na tono bai wuce na miya ba, shekarar ban soya ƙuli na sayarwa ba.

Tun daga nan haka muke yi. Yaya ba ya ma sake tayar da zancen, in bazara ta yi amalanke kawai nake gani a bayan ɗakina, an zo kwasar taki. Na ƙara awaki don gayaunata ta samu ragowa. Iya ta rasu, amma surukarta na ajiye mini ɓawo. Bana na ga sabuwar tsaga ta kudu, yatsana na shiga ciki. Makubar tana jiƙe a randa tun shekaranjiya, jibi zan hau turmi.