Ƙarar da Yaya Bai Ji Ba

Yayana mai haɗa wayoyin mota ne, ni kuma kujerun mota nake ɗinkawa. Rumfa ɗaya muke, shi a bakin titi, ni daga ciki, kuma tun gashina yana baƙi nake shan masifarsa. A garejin nan ba mai kiransa da sunan yanka, Rewaya kawai ake cewa, sunan sana'arsa. Mutum ne da in ya kafe a kan magana, ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai saki ba.

Abin tinƙahonsa kunne. Na'urar gwajin wuta da ɗansa ya sayo masa tana nan cikin kwalinta, da ita yake danne labule in iska ta taso. Shi ɗan batirin tocila ya ishe shi. Zai dangwala shi a kan wayoyi biyu, ya karkata kai, da lasifika ta ce ɓus sai ya ce, "Ƙofar baya, hagu." Kuma haka ɗin ne, can wayoyin suka nufa. Gaskiya ɗaya ce, Yaya ya iya aiki. Saboda kunnen nan ake kawo masa motoci daga nesa, da shi ya gina gida, da shi ya aurar da 'ya'yansa. To amma kunne ba ƙarfe ba ne, ƙarfen ma cinyewa yake. Tun bara sai na yi ta kwaɗa masa kira kafin ya waiga, in ya waigo kuma ya ce ni ne nake magana kamar mai ciwon haƙori.

Ana nan sai mijin babbar 'yarsa ya sayi mota, irin wadda kamfani ya ɓoye wa amfilifaya a ƙarƙashin kujera, wato akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifiku. Rediyonta tsohon yayi ne, sai ya sayo sabo mai allo. Ya kai wa wani, ga surukinsa a kan sana'ar? Ina! Nan ya kawo.

Yaya ya zare tsohon rediyo, ya ga bakin wayoyin bai dace da na sabon ba, sai ya ɗauko filaya. Na ce, "Yaya, ai akwai abin haɗi da ake sayarwa, ba sai ka yanka ba."

Ya ce, "Kai da allura aka san ka. Koma kan kekenka."

Na koma. Ya yanke, ya haɗa, ya kunna. Allo ya kawo wuta, sauti kuwa shiru. Wannan bai ba shi wahala ba, nan da nan ya gane amfilifaya ne bai farka ba, sai an ba shi wuta ta 'yar shuɗiyar wayar da ke tashinsa. Yana haɗa ta kiɗa ya ɓarke. Inda ya kwafsa shi ne, wayoyin lasifika na sabon rediyo, waɗanda tuni sun ɗauko nasu ƙarfin, su ya zura wa amfilifaya. Ƙarfi a kan ƙarfi ke nan, kamar a ƙara gishiri a miyar da ta riga ta ji. Sai ga wata siririyar ƙara a ƙarƙashin kiɗan, tsiii, kamar sauro a kunne, in an taka totur ta ƙara tsini. Ni da nake can ciki sai da haƙorana suka amsa.

Yaya ya buɗe hannuwa yana murmushi. "Ka ji sauti garau?"

Mijin 'yar ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Garau, Baba. Allah ya ƙara basira."

Haba! Kamar in jefe shi da almakashi. Haka bawan Allah ya yi ta yawo da sauro a mota, har ranar da ya laɓaɓo wurina bayan Yaya ya tafi sayen kaya. Ya ce, "Baba ƙarami, wallahi kaina zai tsage. Jaririya da an kunna sai kuka. Mun daina kunnawa, to kuma duk ranar da muka ɗauki Baba shi da kansa yake kunnawa, ya ƙure."

Na ce, "To bakinka ciwo yake?"

Ya ce matarsa ta hana. Kai wa wani kuma ba dama, don masu wannan sana'a duk sun san juna. Kafin azahar labari zai zaga cewa an kwance aikin Rewaya, a kuma san dalili. Mai gyaran sauti da ba ya ji, wa zai sake ba shi makullin mota?

Wato duk dangi sun zauna sun duba, ni suka ga mai wuyan yanka. Na yi ta faɗa har yawuna ya bushe, sannan na ce ya bar motar.

Da Yaya ya dawo na tare shi a bakin rumfa. Na ɗaga murya na ce aikinsa yana kuka. Ya ce uwar me na sani. Na kunna, na taka totur, na ce, "Ga shi nan!" Ya ce kunnena ne ya lalace da ƙarar keke, hassada ce ke cina tun muna yara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Shi ke nan, bari in kira mai faci da mai fenti su raba mu."

Na buɗe baki zan kira su ke nan ya damƙe wuyan hannuna. Ya jawo ni kusa. A hankali ya ce, "Kada ka kira kowa."

Muka shiga mota, ya rufe ƙofofi, ya ɗage gilasai. Ya dubi allon ya ce, "Ƙarar, yaya take yi?"

Na matsa kusa da kunnensa na kwatanta masa. Ko gama bayani ban yi ba ya dafe goshi. "Ƙarfi na ba shi sau biyu." Ya zaro rediyon, ya cire wayoyin lasifika, ya ɗauki sauti daga ƙananan ramukan bayan rediyon masu sanyin ƙarfi, ya goge tsatsa ya sake ɗaure baƙar waya a jikin ƙarfen mota. Hannun nan dai yana nan yadda na san shi. Ya kunna, ya ce in taka. Wannan karon bai karkata kai ba, fuskata ya zuba wa ido.

"Ta tafi?"

Na ce ta tafi. Ya ci gaba da kallona, sai na gyaɗa masa kai.

Na ɗauka zai yi tsaki ya ce dama ya sani, don halinsa ke nan, har na tanadi amsa. Bai yi ba. Ya kashe rediyon, ya zauna riƙe da filaya a cinya. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da na ɗaga masa murya a bakin titi.

Can ya ce, "Yaron nan suruki ne, dole ya dawo. Sauran fa? Tun bara, mota nawa na sallama a haka?"

Na tuna direbobin da a da ba sa wuce rumfarmu, yanzu sai dai su ɗago hannu daga nesa. Na sunkuya ina tattara guntayen waya daga kan tabarmar motar, na yi kamar ban ji shi ba.