Kaskar da Hannun Baba Bai Ji Ba

Ni ba a aji na koyi kaska ba. A gindin turken Baba na koye ta, a gidanmu na Argungu, tun tsayina bai kai cikin saniya ba. 'Yan mata sa'o'ina suna dandali suna gaɗa, ni kuwa an ɗaga mini wutsiyar dabba ana cewa in duba da kyau. Ba zan yi ƙarya in ce na ji daɗin abin ba a lokacin.

Baba manomin shinkafa ne a fadama, amma ransa yana wurin shanu. In ya ciro kaskar da ta sha jini ta kumbura kamar ƙwayar gyaɗa, sai ya ɗora ta a tafin hannunsa ya miƙo mini. "Wagga uwa ce," zai ce. "Kada ki yarda ta faɗi ƙasa da ranta." Ya ce in ta faɗi, tsagin ƙasa take nema ko gindin katanga, ta yi ta zuba ƙwai har ƙarfinta ya ƙare ta mutu. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fito ƙanana kamar garin barkono, da ƙafa shida, su hau kan ciyawa su yi ta jira. Ba ruwansu da zaɓe: bushiya ce ta gifta, zomo ne, zabo ne, ɓera ne, har ƙadangare, duk kamawa suke yi. Su sha, su faɗo, su yi saɓa, su fito da ƙafa takwas, su sake hawa ciyawa. Sai sun sake sha sun sake saɓa sannan suke neman babbar dabba, saniya ko jaki ko raƙumi. Ya ce akwai kuma wani iri, malalaci, wanda in ya hau saniya yana ƙarami ba ya sauka sai ya girma a jikinta. Wata rana har bushiya ya kamo a bayan rumbu don ya nuna mini su jere a gefen kunnenta. Inna, Allah ya jiƙanta, ta wuni tana mita wai zai mayar mata da 'ya makiyayiya.

Shekaru suka tura. Na yi aure a Birnin Kebbi, ina koyarwa a wata firamare. Inna ta rasu. Shanun Baba suka yi ta raguwa har saura ɗaya, wata farar saniya, irin bokolo, mai sanyin hali, wadda a hannunsa aka haife ta. Sai kuma yanar ido ta fara rufe masa gani. An kai shi asibiti an ce a yi aiki, ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido yana raye.

Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu, ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a Gwadangaji, a gefen Birnin Kebbi. Ya gina wa Baba ɗaki a gidansa, har da fanka, ya je Argungu ɗauko shi. Ina wurin ranar. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Saniyar fa? A ɗakin fankar za ta kwana?"

Yayana ya ce, "Baba, ba ka gani sosai. Yaya za ka yi da ita?"

"Hannuna ya makance? Ran da na kasa kula da ita, ku zo ku ɗauke ta, ni ma ku ɗauke ni. Ba zan yi gardama ba. Amma ba kafin nan ba."

Yaya ya yarda, don ya san halin mutuminsa. Ya juyo ya ce da ni, tunda ni ce mai zuwa duk Asabar da cefane da wanki, in sa ido, in na ga abin ya fi ƙarfin Baba in faɗa masa. Na ce to. Da bakina na ce to.

Duk Asabar in na sauka daga mota na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa gida, kafin in ajiye kaya Baba zai jawo wani gwangwanin madara mai kananzir a ciki ya girgiza mini. Kaskar da ya cire a satin ke nan. "Ki gaya ma yayanki," zai ce, yana dariya. Da safe yake bin jikinta da tafin hannu, daga wuya zuwa hantsa zuwa ƙarƙashin wutsiya, yana mata magana ƙasa-ƙasa, ita kuma ta tsaya cak tana tuƙa. In yatsansa ya ci karo da ƙulli sai ya murɗe shi ya jefa a gwangwani. Wannan aikin shi ne abin da yake tashi dominsa.

Da ruwa ya sauka ciyawa ta tashi a bakin fadama, maƙwabcinmu yana haɗa ta da nasa shanun a kai su kiwo, a dawo da ita da yamma. Wata Asabar a farkon daminar na je zuba mata dusa, ta juyo da kai, rana ta haska cikin kunnenta. Na ga bakin kunnen ya yi ja-ja kamar an barbaɗa masa wani abu. Na kama na duba. 'Ya'yan kaska ne ƙanana, jere a jere, cikin kunne, tsakanin kofato, a matsematsin cinya, wuraren da hannun Baba ya bi da safen nan bai ji komai ba. Shi da ya koya mini ganinsu, su ne suka fi ƙarfinsa. Na tsaya riƙe da kunnen saniya ina hawaye kamar wata sakarya.

Yana zaune a kan buzunsa a inuwar zaure ya ɗaga murya. "Mi kike dubawa haka, ɗiyata?"

"Ba komai, Baba. Tas take."

"Ai na faɗa miki."

Wannan ita ce ƙaryar farko, kuma ba ta yi mini wuyar fita ba. A raina na ce in na faɗa wa Yaya, gobe-gobe mota za ta zo. Na san Baba a ɗakin fanka, ba turke, ba fadama, ba abokan masallacinsa, ba zai yi nisa ba. Na ce ni zan iya. Allah ya yi ni da taurin kai, gado na yi, kuma na san a wurin wa.

Akwai maganin da ake wanke dabba da shi, ana sayarwa a kasuwa, na sani sarai. Amma warinsa yana kwana biyu a jiki, hancin Baba kuwa lafiyarsa lau. Yana shinshinawa zai gane an raina aikinsa. Don haka sai na koma yin aikin a sace. In ya ɗauki sandarsa ya tafi sallar azahar, sai in durƙusa da tsohon buroshin haƙori da tsumma ina kankarewa, ina murjewa a kan dutse, kunnena yana ƙofa. Kafin ya dawo na wanke hannu na koma gindin murhu. In Yaya ya kira ya tambaya, in ce, "Yaya, ka kwantar da hankalinka, tsohon nan ya fi mu iya aikinsa."

Abin da ban yarda in lissafa ba shi ne, ni rana ɗaya nake zuwa a sati, su kuwa kullum suna hawa. Sannan jarrabawar ƙarshen zango ta zo, aka jibga mana takardu, 'yata ƙarama kuma ta kwanta da zazzaɓi. Asabar uku ban taka Argungu ba. In na kira maƙwabcin ya kai wa Baba waya, sai ya ce lafiya lau, gwangwani ma ya kusa cika.

Ran da na koma, tun daga ƙofa na ga ba daidai ba. Ta rame, ƙashin bayanta ya fito, gashinta ya tashi tsaye. Fatar gadon bayanta da cinyoyinta ta yi ɓawo-ɓawo, kirci ya kama ta. Harawar da aka zuba mata tana nan ba ta taɓa ba. Baba yana tsugune kusa da ita, hannunsa a kan ɓawon. Ya ce kwana huɗu ke nan tana ƙin ci, ya ba ta kanwa, ya ba ta jiƙo, shiru. "Ban gane ba," ya ce. "Kaska dai na cire mata duka."

A nan dabarata ta ƙare. Na kira Yaya, ya zo washegari da safe tare da wani likitan dabbobi. Mutumin bai san komai game da mu ba, aikinsa kawai ya zo yi. Ya buɗe bakinta, ya ja fatar idonta ya ce jini ya yi ƙasa ƙwarai, ya tambayi launin fitsarinta, maƙwabcin ya ce ja ne tun shekaranjiya. Ya leƙa kunne ya yi tsaki.

"Kai, waɗannan ai sun daɗe suna cin ta. Ga su nan manya da ƙanana. Ga kuma alamar an yi ta kankare wurin. Wanda ya kankare ai ya gani, me ya hana a wanke ta da magani tun farkon ruwa?"

Yaya ya kalle ni, ni na kalli ƙasa. Likitan ya yi mata allura ya ce a gwada, amma kada a sa rai, in an ga ta kwanta ta kasa tashi a kira mahauci. Ta kwanta ran Talata da hantsi. Baba da kansa ya aika aka kira mahaucin. Bai shiga ɗaki ba, ya tsaya dafe da katanga har aka gama.

Yaya ya yi mini faɗa a zaure, na shanye, don na ci a yi mini. Wanda nake tsoro shi ne Baba, shi kuwa bai ce uffan ba sai bayan la'asar, ina haɗa masa tufafi a jaka.

"Ɗiyata, ke ce mai kankarewar?"

"Ni ce, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

Ya ci gaba da juya carbinsa. Na fara cewa ban so a raba shi da gidansa ba ne, ya ɗaga hannu na yi shiru.

"Da kin faɗa mini, da ni zan ce a kawo maganin. Ko in bai wa maƙwabci ita tana da ranta. Ni na ce ran da na kasa ku ɗauke ni, ban ce ku ɓoye mini ranar ba. Wata uku tana shan wuya a gabana, ni ina girgiza miki gwangwani, ke kina cewa madalla." Muryarsa ba ta tashi ba ko kaɗan. "Ido na rasa, ke na ɗauka a madadinsa."

Ya cika alkawarinsa, bai yi gardama ba. Ran Laraba ya shiga motar Yaya muka taho Birnin Kebbi. Shekara biyu da 'yan watanni ya yi a Gwadangaji kafin Allah ya karɓi abinsa. Kullum in na tashi daga makaranta sai na hau keke na biya, in kai masa fura, in yanke masa farce, in zauna. Bai taɓa ɗaure mini fuska ba, yana sa mini albarka, yana tambayar jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Na roƙe shi gafara ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na yarda ya yafe ɗin.

Amma in yana son sanin ko rigarsa ta yi datti, ko hadari ne ya taso, ko kumburin ƙafarsa ya ragu, matar Yaya yake ƙwala wa kira daga madafa, ko da ina zaune gwiwata tana taɓa tasa. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na riga ta, na ce, "Baba, ƙafar ta sace sosai." Ya ce, "To, madalla." Sannan ya juya fuskarsa wajen ƙofa ya kira ta ta zo ta duba masa.