Rijiyar da Ke Ƙarƙashin Tiga

Ruwan famfonmu nauyi gare shi. Daga rijiyar burtsatse ake turo shi, garai-garai a ido, amma in ka sha sai ka ji ya zauna a ciki kamar baƙon da bai san sallama ba. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa, wake sai ya wuni a wuta yana taurin kai, gindin tukunyar shayi kuwa ya yi fari kamar an shafa alli. Ni ban damu ba. Goro ya daɗe da kashe min harshe, ko ruwan wanki aka ba ni sai in ce Alhamdulillahi.

Matata ce ba ta taɓa shiryawa da shi ba. 'Yar kawuna ce, tun muna yara muke tsokanar juna, a wani ƙauye da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye muna sababbin aure. Shekara da shekaru tana kurɓar ruwan famfo kamar magani. Da tsufa ya zo sai ciwon gefe ya kwantar da ita. Likita ya ce tsakuwa ce a ƙoda, maganinta ruwa, ta sha da yawa, in ba haka ba sai an yanka.

Ta ƙi sha. Na famfo ta ce zartsi, fiya wata ta ce warin leda. Leɓɓanta suka bushe.

"Malam," ta ce, "da za a samo min na rijiyar gindin tsamiya."

"Ke, rijiyar da ke ƙarƙashin dam? Kifi kika mayar da ni?"

"Da kifi ne kai ai da an more ka."

Washegari na tafi Tiga da jarka, wani tsohon masunci abokina ya ɗauke ni a kwalekwale. Ni da ko kududdufi ban iya tsallakewa ba. Muka yi nisa har gaɓa ta koma zare. Ruwan ya kwanta lumui, gajimare na tafiya a cikinsa, har na rasa ko sama muke ko ƙasa. Na leƙa, sai na ga kamar hayaƙin girki yana tasowa daga can ƙasa, kamar ina jin lugude, kamar guga na bugun bakin rijiya. Na ce wa abokina nan ne. Wallahi ban san ko ina ne ba.

Abin da na ɗebo kore-kore ne, yana ƙarnin kifi. Ban yi boko ba, aji biyu na yi aka gaji da ni, amma na san wannan ba na mara lafiya ba ne. Na zuba wa dalbejiyar ƙofar gida. Na tari na famfo a gidan ƙanena, na tafasa, na bari farin ya kwanta, na tace da ƙyalle, na juye a sabuwar randa da na jefa wa saiwar jema, yadda uwata take yi don ƙamshi. Da ya yi sanyi na kai mata a moɗa.

Ta shinshina. "Me ka gani a can?"

"Tsamiyar tana nan," na ce. "Karfasa ce ke sheƙa a kanta."

Ta kurɓa. "Gidanmu fa?"

"Wata ƙatuwar tarwaɗa ta gaje ɗakin babanki. Har gemu irin nasa."

Ta yi dariya tana riƙe da gefe, ta shanye, ta miƙo moɗar.

Haka muka yi ta yi. Kullum in fita da jarka kamar mai tafiya Tiga, in ɓuya a gidan ƙanena ina hura wuta. Kowace moɗa da labarinta. Na ce mata rana tana sauka can ƙasa a hankali, launin zuma, ta bi lungu-lungu. Na ce turmin kakarta yana nan, ƙananan kifaye na kewaya shi. Wani lokaci ina cikin ƙaryar sai in ga abin da idona, in yi shiru, sai ta ce, "Ci gaba mana, tsohon banza."

Kafin kaka tsakuwar ta fita, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar dawa. Likita ya ce ba sai an yanka ba, amma kada ta daina shan ruwa. Tana miƙewa ta ce sai na kai ta ta ga rijiyar.

Na kawo dalilai, ta rushe su. Muka shiga kwalekwale. Da muka isa tsakiya na nuna mata wurin da ƙarfin hali. Ta dubi duwatsun gabas, ta dubi na yamma, ta daɗe.

"Nan ai bayan gari ne, inda ake ɗaure jakuna."

Abokina ya kusa kifar da mu don dariya. Ta sa ya tuƙa can gaba, ta ce ya tsaya. Ta sa hannu a ruwan, ba ta ɗiba ba, ta bar shi yana bi ta tsakanin yatsunta.

Can ta share hannun a mayafi.

"Mu koma, Malam, ƙishirwa nake ji. Kuma daga yau ka riƙa tafasawa a gida, ka bar ƙone wa ƙanenka itace."