Kafin Bado Ya Rufe

Da asuba muka shirya tashi, amma ba da asuba muka tashi ba, kuma ina jin laifin nawa ne.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta daɗe tana fama da yanar ido. Likita a Kano ya sa ranar aiki, ya ce mai yiwuwa ganin ya dawo, mai yiwuwa kuma ɗan abin da ya rage ya tafi, don akwai wani ciwon a bayan yanar. Na tambaye ta ko akwai abin da take so kafin ranar. Na zaci za ta ce a tara 'yan'uwa. Sai ta ce a kai ta fadamar Baturiya ta ga furen bado, don a wani ƙauye na bakin ruwan aka haife ta. Matata ta ce to mu mai da shi yawon shan iska, mu tafi da 'yarmu mai shekara biyar. Rana ɗaya tak muke da ita, washegari sai hanyar asibiti.

Sau biyu Inna ta ce mini, "A fita da wuri." Na ɗauka zafin rana take gudu, sai na saka lema a mota. Bayan salla na ga kamar tayar baya ta yi laushi, na tsaya jiran mai faci ya buɗe. Daga nan na biya gidan wani abokina na aro rigunan kariya na shiga ruwa. Mun kusa fita gari na tuna maganin ɗigawar Inna, muka juya. Inna dai carbinta kawai take ja.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da muka bar Haɗejiya muka nufi ƙasar Kirikasamma. Kaka ce, shinkafa ta nuna, gonaki sun yi ruwan zinariya har iya ganin mutum. Ana yanka, ana casa, balbelu na bin shanu a gefen ruwa. A wani ƙauye matata ta tsaya cinikin bandar tarwaɗa, ta dawo tana mita wai kifin bakin ruwa ya fi na kasuwar gari tsada. Da muka sauka daga kwalta muka shiga turbar yashi tsakanin goruba, na riƙa tuƙi a hankali har wani mai amalanke ya wuce mu, ya ɗaga mana hannu.

A bakin ruwa muka sami wani dattijo mai kwalekwale yana gyaran komar kamun kifi. Bayan gaisuwa ya ce, "Tsuntsaye kuka zo gani? Ai da ɗan saura, sai sanyi ya shigo suke cika."

Inna ta ce, "Bado na zo gani."

Ya ɗaga kai ya dubi rana. "Ayya, Hajiya. Ai ya fara barci."

A nan na fara jin cewa farin bado da dare yake buɗewa, in hantsi ya yi zafi sai ya rufe, sai kuma gobe. Na yi karatun jami'a, na kwana biyu ina duba hanyar a waya, amma ban san wannan ba.

"Na ce masa a fita da wuri," in ji Inna. "Ɗan boko ne, sai da ya gama gaisawa da tayoyin mota."

"Inna, ai da kin faɗa mini dalili."

"Yo akwai wanda bai sani ba?"

Dattijon ya yi dariya, ya ce mu shiga, bai yi alkawari ba amma akwai inda zai duba.

Ban san yadda zan kwatanta wannan tafiya ba. Muka shiga wata siririyar hanya da masunta suka sara a cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye ruwan yankin. Ta yi mana katanga dama da hagu, duniya ta rage saura sama da ƙarar sandar tuƙi. Can sai katangar ta ƙare, ruwa ya buɗe, shiru kamar ba a taɓa magana a wurin ba. Gajimare na kwance a cikinsa, muna ratsa su. Wani masunci ya wuce mu a kife bisa gorarsa, yana tuƙi da hannu, kamar mai barci da ruwa ke tafiya da shi. Inna ta karkata kunne tana faɗa wa jikarta sunayen tsuntsayen da ke kuka: wannan kirinjijiya, wancan ɗinya. Muryarta ta canza, har wasu kalmomin ƙauyensu da ban taɓa ji a bakinta ba suka riƙa fitowa.

Sai ga badon. Ganye ya shimfiɗu kamar faifai dubu, amma kowane fure ya dunƙule. Na ƙi duban Inna.

Dattijon bai tsaya ba. Ya karkata zuwa wasu itatuwan giyayya da ke tsaye cikin ruwa har ƙugu, ya ce rana ba ta isa ƙarƙashinsu da wuri. Muka sunkuya muka shige. A cikin inuwar akwai fure uku, ko huɗu, da ba su gama rufewa ba.

Inna ta ce a matso da ita. Ta sunkuya har kwalekwalen ya karkata, na yi wuf na riƙe mayafinta.

"Sake ni," ta ce.

Na sake. Ta tallafo furen da tafin hannu ba tare da ta tsinke shi ba, ta kai fuskarta dab da shi. Ta daɗe a haka. Dattijon ya kafa sandarsa ya jingina.

"Inna, kin gani?" in ji 'yata.

"Na fi ubanki gani. Fari, cikinsa rawaya."

Ko idonta ne ya gani, ko tunaninta, ba zan iya cewa ba. Ban kuma tambaya ba.

Muka ci abincin rana a inuwar goruba, yarinya ta yi ta guje-guje har ta gaji, muka kamo hanya bayan azahar. Abin da na koya, in har na koya, shi ne hattara ma tana iya jawo asara, kuma in tsohuwa ta maimaita magana sau biyu, a tambaye ta dalili kafin a duba waya.

Tun daga fadama har ƙofar gida idon Inna a rufe yake, alhali ba barci take ba. Da na kashe mota hankalina ya tashi, na ce ko zafi yake yi mata, in ɗiga magani.

Ba ta buɗe ba. Ta ce, "Kai, ƙyale ni. Ajiya nake yi."