Mutum Na Goma Sha Biyu

"To, zumar ma kai wa Bassu za ka yi?" in ji Tuda, ta riƙe ƙugu a bakin murhu. "Jiya itace, shekaranjiya cinyar akuya. Ni da na haifa maka 'ya'ya, yaushe rabon da ka tambayi tarina?"

"Ke ai ba a lissafa ki," in ji mijinta Addi, yana ɗaure bakin tulu.

"Na gode. Allah ya saka da alheri."

"A masallaci nake nufi, tsohuwa."

"Na sani. Tun ina da haƙora kake roƙon Allah ya karya ƙafar Bassu. Yau ya yi atishawa, kai ne da zazzaɓi."

Gaskiya kuwa ta faɗa.

Shi ne ladanin Tasrawt. Ya gaji aikin daga mahaifinsa, tare da alfadari ɗaya, da 'yar gonar sha'ir, da rigima guda. Ƙauyen manne yake a ƙirjin dutse, can sama da inda kwalta ta gaji ta tsaya. Addi yakan ce kakansu ya zaɓi wurin ne don ya hango maƙiyi tun daga nesa. Maƙiyin bai taɓa zuwa ba. Haka ma likita. Makiyayin kakan kuwa, wani malalaci, ya kasa hawa, ya zube a kwari, kuma jikokinsa ne mutanen Asif, masu kasuwa da makaranta da asibiti a yau. Mutanen Asif suna ba da labarin a juye, amma Addi ya ce ƙarya a jininsu take.

Da rani Tasrawt kan cika da 'ya'yan da suka dawo hutu daga Faransa da birnin Agadir na bakin teku, kowa ya hau rufin ɗaki yana ɗaga waya sama. Da ƙanƙara ta fara sauka sai a watse, a bar tsofaffi da awaki. Bana mazan da suka rage, ban da liman, goma sha biyu ne cif, daidai adadin da Juma'a ba ta tsayuwa sai da shi, kuma baƙo ba ya shiga lissafi. Cikinsu har da kurma, har da tsoho Hammu da Addi ke ɗaukowa a kan alfadari. In ɗaya ya ragu, sai dai a yi azahar a watse, ko a gangara Asif a bi jikokin makiyayi sallah. Addi ya rantse gara a binne shi.

Na goma sha biyun shi ne Bassu. Gonarsa na jikin ta Addi, tsakaninsu dutsen iyaka da itacen ɓaure ɗaya. Kowa ya ce uban ɗayan ne ya matsar da dutsen. Ba mai cin ɓauren, don kada a ce ya ci haram, sai tsuntsaye suka ƙoshi da shari'ar. Ko gaisuwa ba sa yi, amma duk Juma'a kafaɗarsu a haɗe take, tunda liman ya ce a daidaita sahu.

Yanzu ga Yidir, ɗan Bassu, ya zo daga Agadir, ya ajiye mota a ƙarshen kwalta, ya ce sai ya tafi da ubansa saboda tarin da ya kama tsohon. Ya sha zuwa, tsohon yana korarsa. Amma bana Addi ya tsorata, ya ce bari ya sa wa maƙiyinsa daɗin gari.

Da hantsin Juma'a ya isa da zumar, ya tarar da buhunan kaya a ɗaure a ƙofar gida. Bassu na zaune a kan guda, idonsa ya yi jawur.

"Addi," in ji shi. Rabon da ya kira sunan tun suna da baƙin gashi. "Ka kunyata ni. Zauna mu sha shayi."

Suka sha. Suka tuna shekarar ambaliya, da ranar da suka saci inabin liman na da, har dariya ta sa Bassu tari.

"Ka san me ya riƙe ni a nan?" in ji Bassu. "Ɓauren nan. Na ce muddin ina numfashi ba zan juya baya ka cinye shi ba. Ashe mutumin kirki nake gadi. Na bar maka shi, halak malak. Yanzu zan tafi hankalina kwance."

Yidir ya kama hannun Addi ya sumbace shi, ya kira shi da lakabin da ake girmama manya. "Dadda Addi, Allah ya ƙara girma. Abin da ya gagare ni shekaru, ka gama shi da tulun zuma. Ka ara mana alfadarinka mu sauka da wuri."

Addi ya ara musu. Ya koma gida, ya tsaya a tsakar gida kamar wanda ya manta sunansa. Can sai ya ɗauki gatarin haƙa.

"Ina kuma?" in ji Tuda.

"Gona."

"Ran Juma'a?"

Hanyar sauka ta gefen gonakin take bi. Lokacin da Bassu ya ɓullo a kan alfadari, Yidir na jan igiya, Addi ya riga ya tumɓuke dutsen iyaka, yana mirgina shi da nishi zuwa tsakiyar sha'ir ɗin Bassu.

"Kai! Me kake yi?"

"Gyara," in ji Addi, bai ɗago ba.

"Ɓaure na ba ka, ba gona ba!"

"Mutumin Agadir me zai yi da gona? Ka je ka shuka a bakin teku."

Bassu ya diro ba tare da an taimake shi ba. Tari ya ɓace. "Ɓarawo ɗan ɓarawo! Ashe zumar tarko ce! Yidir, sauke kayan nan!"

"Baba, don Allah, likita na jiranmu…"

"Ya yi ta jira! In tafi wannan kuren ya cinye ni da rai? Ɓauren ma na fasa bayarwa. Kuma zumar ba zan mayar ba!"

Yidir ya dubi Addi kamar zai yi kuka. Addi ya kau da kai. Ɗanɗanon shayin ɗazu bai bar bakinsa ba tukuna, kuma ya san ba zai sake shan irinsa ba.

Bassu ya durƙusa ya rungumi dutsen yana turawa, yana zagin Addi da ubansa da kakansa, wanda kakansu ne su duka.

Addi ya dubi inuwa, ya ga ta gajarta. Ya kwance buhunan ya jera su a gefen hanya, ya karɓi igiyar daga hannun Yidir.

"Ka gaya wa ubanka ya wanke ƙasar nan, kada ya makara," ya ce.

Ya ja alfadarin, ya kama hanyar gidan tsoho Hammu.