Damin da Baba Ya Mayar

A ƙasarmu ta Maska, in ka ba mutum aron gona, ba ka neman komai a hannunsa sai dami ɗaya na dawa in kaka ta yi. Damin nan ba ya ciyar da gida ko mako guda. Amfaninsa shi ne a ɗauko shi a ka da rana tsaka, a ratsa gari kowa na gani, a sauke a ƙofar mai gona. Duk wanda ya gani ya san gonar ta wane ce, wane kuma aro yake ci. Ubana ya san wannan sarai. Shi ya sa har yau in na tuna shi nakan yi masa addu'a, in kuma ji haushinsa, duk a lokaci guda.

Gona biyu kakanmu ya bari. Ɗaya jigawa ce a gindin ganuwa, ɗaya kuma can bakin rafi, baƙar ƙasa mai ɗorawa uku, wadda in ka jefa iri ka juya baya sai ka ji kamar yana binka. Amma a shekarun nan mahara kan sauko daga arewa, kuma wanda suka tarar nesa da ganuwa ba ya dawowa cin tuwo. Haka suka tafi da wana. Daga ranar Baba ya ce ba ɗansa da zai sake kai fartanya bakin rafi.

Ina sabon aure wani baƙo ya iso daga wajen Matazu, da mace da goyo da jaki ɗaya, an ƙone musu ƙauye. Ya roƙi wurin noma. Baba ya nuna masa gonar rafi, ya gaya masa haɗarinta bai ɓoye ba. Mutumin ya ce yunwa ta fi mahara kusa da shi.

Da kaka ta yi sai ga shi da dami a ka, kaura mai kyau, gumi na zuba. Ina tsaye a zaure. Ya sauke, ya durƙusa, ya ce, "Maigida, ga na gona."

Baba ya dubi haƙarƙarin mutumin, ya dubi damin, ya ce, "Haba ɗan'uwa! Kai da ka noma ta da ranka a hannu? Ɗauki ka kai wa iyali."

"Maigida, ai al'ada ce."

"Na ji. Tsakanina da kai babu wannan."

Ya ɗauka ya koma da shi ta hanyar da ya zo, gari na kallo. Da baɗi ya sake kawowa, Baba ya sake mayarwa, har da faɗa. A ta uku bai kawo ba, kuma ban ga laifinsa ba. Innata ce kaɗai ta yi magana. Ta ce, "Malam, ka karɓa mana, in ya so ka aika masa da biyu ta bayan gida." Baba ya yi dariya ya ce mata ba sa gane zumuncin maza. Ni ma na taya shi dariyar, don in nuna na girma.

Daga nan na shiga fataucin zane, ina kai saƙar garinmu kasuwannin nesa. Shekaru suka ja. Baƙon ya rasu, Baba ya bi shi bayan damina biyu. Da aka zo rabon gado, jigawar gindin ganuwa ta riga ta gaji, ƙuduji ya cinye ta, kuma mu bakwai ne a kanta. Aka ja igiya, aka dasa gamba a tsakani. Abin da ya faɗo mini, in na tsaya a wannan iyaka na yi tari, ƙanena na can ɗaya iyakar zai ce mini sannu. Ga 'ya'ya shida, ga ƙafa ta daina ɗaukar tafiya. A lokacin hari ya yi sauƙi, sai na ce to, lokacin gonar rafi ya yi.

Na sami ɗan baƙon, wanda ya zo garinmu a goye, ya zama magidanci da gemu. Ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka kawo fura. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya dube ni kamar na ce ya ba ni matarsa. Ya ce, "Baba, wace gona? A nan na yi rarrafe. Ubana bai taɓa ce mini aro ba ce." Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ba ƙarya yake yi ba.

Muka je gaban alƙali. Na kawo tsoho ɗaya da ya rage cikin waɗanda ke zama ƙofar gidanmu. Alƙali ya tambaye shi ko ya taɓa ganin dami ya zo.

"Allah gafarta Malam, na gani, har sau biyu."

Zuciyata ta yi sanyi. Sai alƙali ya ce, "Ya shiga rumbu?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Bai shiga ba. Marigayi ya ce tsakaninsu babu wannan. Da kunnena na ji."

Alƙali ya ce wanda ya mayar da dami a gaban jama'a, ya kuma yi shiru har ya mutu, kyauta ya yi, kuma ba a gadon abin da aka riga aka kyautar. Ya tambaye ni ko ina wurin ranar. Na ce ina wurin. Ya ce me na ce? Na ce, "Allah gafarta Malam, dariya kawai na yi."

Na so in saya ko da gefe ne, na haɗa jakina da sauran zannuwan da ke gare ni. Yaron ya ce gonar gado ba ta sayarwa ba ce, mutane za su zage shi. Kalmar gado a bakinsa ta fi hukuncin alƙali zafi. Amma ya ji tausayina, don shi ma ɗan kirki ne, abin haushi. Ya yanka mini wani yanki wajen ɗorawa ta uku, inda wana ya koya mini riƙon fartanya, ya ce in noma aro.

Shekara tara ke nan. 'Ya'yana maza biyu sun bar gari, sun ga babu abin jira. Ba ni da gonar da zan bar wa kowa, sai ɗan tsirin jigawar nan da ko akuya ta raina. In kaka ta yi nakan zaɓi dami mafi kyau, in ɗora a ka, in ratsa gari da rana tsaka, in sauke a ƙofarsa. Kowace shekara nakan ɗan jinkirta a durƙushe, ko zai ce in ɗauka in kai wa iyali. Yakan gaishe ni da ladabi, ya tambayi ƙafata, sa'an nan ya kira a zo a kai rumbu.