Baturen da Inna Ta Kora

Halliru mai fenti a Gummi ya yi suna wajen zana zakuna a bayan manyan motoci. Da korona ta rufe kasuwa fenti ya yanke, sai ya koma zane da yatsa a waya, yana goge yatsan a riga duk sanda ya canza launi.

Makonni ya kwashe yana zana wani jan Baturen mulkin mallaka da ya zo sare kuka. Bai adana ba ya kai wa Innarsa ta gani.

"Ɗan nan, manja ya ɗiga ma waya," in ji ta. Ta lashi yatsa ta murje. Bature ya ɓace, kuka na tsaye.

Halliru ya daɗe yana kallo, sannan ya adana zanen haka.